Layi huɗu sun ishi ɗan koyo? Muhawara kan manhajar montaj mai sauƙi

Laouali_Boukoki:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ga wata magana da nake son masana su duba mini. Ana tsara manhajar montaj, ta yankawa da haɗa sauti, mai layuka da yawa, wato abin da ƴan studiyo ke kira pis, amma irin wadda ɗan koyo zai buɗe ya kama aiki a ranar, ba sai an zaunar da shi sati biyu ba. Waɗanda aka nufa su ne matasan da ke taimakawa a rediyon karkara, da ɗalibai, da masu haɗa wa'azi ko tallar haja. Mafi yawansu kwamfutar gwanjo gare su, mai RAM jiga 4. Abin da ke kan takarda yanzu: layi huɗu kacal, biyu na murya, ɗaya na kiɗa, ɗaya na sautin wuri. Maɓalli bakwai: Naɗa, Saurara, Tsaya, Yanka, Goge, Koma baya, Fitar. Babu jerin ifekt, wato kayan sauya sauti, ko ɗaya. A ganina layi huɗu sun isa, abin da ya haura haka ruɗa mutum kawai yake yi. Wa ya yarda, wa bai yarda ba?

Hadiza_Mikro:
Wa alaikumus salam Malam Laouali. Mu ƙirga da shirin magazin na minti 30. Mai gabatarwa, ɗaya. Baƙi biyu, kowa da mikro ɗinsa, uku ke nan. Janarik, wato kiɗan buɗe shiri da na rufewa, huɗu. Ka ga har an cika, ba a sa kiɗan da ke kwance ƙarƙashin magana ba, ba a sa rahoton wakili ba. Ga shi kuma ƙasarmu ta harsuna ce. Studio Kalangou a nan Yamai da harshe biyar yake shiri: Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek. Duk inda manomi ya yi magana da Zabarmanci aka ɗora fassarar Hausa a kai, layi biyu ake ci: a bar muryarsa ta fito daƙiƙa 2 ko 3, a sauke ta ƙasa, fassara ta hau. Huɗu ba su isa ba. A buɗe da layi biyu, a sa maɓallin "Ƙara layi".

Ɗan_Ader:
Hajiya Hadiza, kin gama abu biyu wuri guda. Layi daban, guntu daban. Janarik na buɗewa shina minti na fari, na rufewa shina ƙarshe, kiɗan ƙasa shina tsaka, ba su gamuwa, don haka layi guda ya ɗauke su duka. Rahoton wakili shi zamna layin baƙo, tunda sa'ad da anka sa rahoto baƙo bai magana. Abin ƙirgawa shi ne sauti nawa ka tashi lokaci guda, kuma cikin wanga aiki da wuya su wuce ukku.

Hadiza_Mikro:
A lissafi haka ne, Malam. Amma kowane layi da nasa ƙarfin murya da nasa gyara. Rahoton da aka ɗauko da waya a tsakiyar kasuwar Katako da muryar baƙon da ke zaune cikin ɗaki mai soso ba magani ɗaya suke sha ba. In ka cusa su layi guda, dole ɗan koyo ya bi guntu-guntu yana saita kowanne. Ka rage masa layi, ka ƙara masa wahala.

Injiniya_Sani:
Ku biyun kuna jayayya kan abin da ido ke gani. Abin da zai sa manhajar ta yi sauƙi ko ta yi wuya yana ƙasa, inda ba a gani: kada ta taɓa fayil na asali ko sau ɗaya. In mutum ya yanka, ba sautin ake yankawa ba, rubutu kawai ake yi cikin wani jeri: fayil kaza, daga daƙiƙa 12.4 zuwa 47.9, a ajiye shi a minti na 3, a rage masa ƙarfi da 4 dB. Wannan jerin shi ne aikin. Amfaninsa uku. "Koma baya" ya zama kyauta, taki dubu ma bai cika mega ɗaya ba. Wanda ya yanke ƙarshen kalma bisa kuskure sai ya ja bakin guntun ya dawo da ita. Sannan faifai ba ya cika da kwafi a kan kwafi.
Wani ƙaramin abu da bai kamata a tambayi ɗan koyo ba: a kowane yanka, manhajar ta sa gajeren lanƙwasa na milisakan 5 zuwa 10 da kanta. Dalili, in ka yanke igiyar sauti tana sama ka haɗa ta da wadda ke ƙasa, bafil yana yin tsalle, sai ka ji "ƙas" a wurin haɗin. Mai koyo ba zai san daga ina ta fito ba, zai zata mikro ne.

Rabi_Yantala:
Ni fa tambayata daban. Manhajar montaj ta Audacity kyauta ce, tun shekarar 2000 take nan, tana tafiya a tsohuwar kwamfuta, kuma akwai ta da Faransanci. Me ya sa za a haƙa rijiya a bakin kogi?

Laouali_Boukoki:
Tambaya ce mai kyau, Malama Rabi. Ba a raina ta ba. Sai dai ki sa wanda bai taɓa yi ba ya ƙara wa murya ƙarfi, ki ga. Zai buɗe jerin ifekt ya tarar da amplifikasiyon, da normalizasiyon, da komperesa, da limita, huɗun duk kamar ƙara ƙarfi suke yi, alhali kowanne da aikinsa. Su ma masu Audacity sai a siga ta 3.1 a 2021 suka kawo jan bakin guntu irin wanda Injiniya ya faɗa, sai a 3.2 a 2022 ifekt ɗin da ake ji nan take ba tare da an sauya sautin asali ba. GarageBand ta Apple tun 2004 ta nuna ana iya sauƙaƙawa, amma ba ta tafiya a Windows, mu kuwa Windows ke hannun mutanenmu. Reaper ba ta da nauyi, lasisinta dala 60 na Amurka, amma ta gwanaye ce.

Baba_Tekinik:
Yara, duk kun tsallake babban maƙiyi: kuran, wato wutar lantarki. A watan Afrilu da Mayu ba a rantsuwa a kansa, batirin kwamfutar gwanjo kuwa sau da yawa ya riga ya mutu, ondilar ma ba kowa ke da ita ba. Ga abin da ke faruwa. Fayil ɗin sauti na WAV yana da ɗan kai a farkonsa, bayit 44 a mafi sauƙin tsari, kuma a nan ake rubuta tsawon sautin. Manhaja mai sakaci sai an danna Tsaya take cika wannan wurin. In kuran ya tafi a minti na 40, sautin yana nan kwance a faifai, amma kan yana cewa tsawonsa sifili ne, sai fayil ya ƙi buɗewa. Mai koyo ya goge shi ya koma neman baƙon da ya riga ya kama hanyar Dosso.
Magani ba wuya. A sabunta kan kowane daƙiƙa 2 ko 3, kuma a tilasta wa kwamfuta ta sauke abin kan faifai, kada ta riƙe shi a ƙwaƙwalwa. Jerin yanke-yanke kuma a adana shi bayan kowane taki: a rubuta sabo da wani suna, sai ya kammala a maye gurbin tsohon da shi. In aka buɗe bayan kuran ya dawo, tambaya ɗaya tak: "A ci gaba daga inda aka tsaya?"

Injiniya_Sani:
Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara: duk sautin da aka shigo da shi, a kwafe shi cikin dosiyen aikin. In manhaja ta tsaya kan nuna inda yake, ranar da aka zare kile sai layi ya zama fanko. Tsohuwar Audacity tana da fayil .aup da dosiye mai ɗaruruwan ƙananan fayiloli a gefe, mutane su kwashi .aup kaɗai su bar dosiyen. Shi ya sa a siga ta 3.0, a Maris 2021, suka dunƙule komai cikin fayil guda, .aup3. Amma a kula, kile mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai jiga 4. Dunƙulallen aiki mai tsawo zai iya ƙin shiga.

Zabaya227:
Tunda an zo kan adanawa, Malam Laouali, ka lura da wata masifa ta Faransanci? Kalmar "Enregistrer" ita ce naɗar murya, ita ce kuma adana fayil. Ka ce wa yaro "anrajistire", bai san jan maɓalli zai danna ko aikinsa zai ajiye ba. Hausa ta raba mana gardama: Naɗa daban, Adana daban. Sai ta uku, Fitar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya adana aiki ya tura wa shugaban shirye-shirye fayil ɗin aikin, can a kasa buɗe shi. In manhajar tana adanawa da kanta kamar yadda Baba ya ce, kada ma a sa maɓallin Adana ko kaɗan. Saura guda, a rubuta masa "Fitar da shiri don aikawa".

Abdu_Wadata:
To "Mute" fa? A sa "Rufe masa baki"? 😂

Zabaya227:
Kai Abdu, Allah ya shirye ka. "Shiru" ta isa. "Solo" kuma "Shi kaɗai". Kuma kowane hoto a sa masa kalma a ƙasa. Jan da'ira da alamar kunnawa kowa ya san su daga waya, amma hoton disket yaran yanzu ba su taɓa ganin abin ba balle su gane shi. A gwada kuma sunan fayil mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun da wuri. In ba a bi tsarin haruffa na UTF-8 a ko'ina ba, "Ƙungiyar ƴan kasuwa" sai ta koma alamomin tambaya, wani lokacin ma fayil ya ɓace wa manhajar.

Mariama_Kod:
Hajiya Hadiza ta ambaci rahoton wakili ta wuce, ni a nan zan tsaya. Rahoto daga Abalak ko Bouza da WhatsApp yake zuwa, saƙon murya na WhatsApp kuwa da tsarin sauti na Opus yake zuwa. Manhajar da ba ta buɗe .opus kai tsaye ta faɗi tun a ƙofa, don ɗan koyo zai shiga intanet neman inda ake juya fayil, ya ƙone megarsa. Haka .m4a na masu naɗar waya. FFmpeg, kayan juya fayilolin sauti, yana buɗe su duka, a haɗa shi cikin manhajar tun wajen girkawa, kada a ce mutum ya je ya sauko da wani abu daban.
Sai batun yawan samfur, wato sau nawa ake auna sauti a daƙiƙa. Waƙar MP3 yawanci 44100 ce a daƙiƙa, Opus da sautin bidiyo 48000. In aka kunna mai 44100 a kan 48000 ba a juya ba, tana ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance, dattijo ya koma kamar saurayi. Akasin haka kuma ta yi nauyi ta ja. A tsayar da aikin kan 48000, duk abin da ya shigo a juya shi a ɓoye. Kada kalmar "Hz", ma'aunin wannan adadi, ta bayyana a fuskar farko ko kaɗan.

MaiGurumi:
Kun mai da abin na ƴan jarida kawai. Mawaƙi fa? Shi yana naɗar gurumi, sannan ya sa kaske yana ji ya ɗora kalangu, ya ɗora murya, ya ɗora amshi. Amshi kaɗai sau uku ake ɗora shi don ya cika. Layi huɗu wasa ne a nan. Kuma akwai ciwon da ba ku taɓo ba: sai ka buga daidai da abin da kake ji, in ka saurara ka tarar kalangu yana bin gurumi a baya kamar mai ɗingishi.

Injiniya_Sani:
Jinkiri ke nan, Malam MaiGurumi, kuma lissafinsa a fili yake. Kwamfuta ba ta tura sauti ɗaya-ɗaya, tara shi take a ɗan ma'aji. Ma'aji mai samfur 256 a kan 48000 milisakan 5.3 ne, mai 512 ya kai 10.7, mai 1024 ya kai 21.3. Wannan a fita kawai, a shiga ma haka, ga na direba da na kart son a kai. Sabon layi kullum a makare yake sauka. Manhaja ta auna jimillar ta ja layin baya da kanta. Yadda ake aunawa: ta buga "ƙas" ta bafil, mikro ya ɗauka, ta ƙirga tazarar. Sau ɗaya ake yi, ana iya kiransa "Gwada kayan aiki".
Kaske na Bluetooth kuma a gargaɗi mutum a fili, jinkirinsa yakan wuce milisakan 100 kuma ba ya tsayawa wuri guda, gyara ba ya kama shi. Ga masu rubuta lambar: zaren, wato reshen aikin manhaja, da ke tura sauti kada ya karanta faifai, kada ya nemi sabuwar ƙwaƙwalwa, kada ya jira wani zare. Wani zaren ne zai riƙa cika masa ma'aji tun kafin ya buƙata. In aka karya wannan, a kwamfuta mai tsohon faifai mai juyawa za a ji sautin yana tsinkewa. Kayan lambar sauti na PortAudio ko miniaudio sun isa wannan aiki. A guji gina ta kan burauza irin Electron, jiga 4 ba za su ji daɗi ba.

Abdu_Wadata:
Ni dai a ganina waya ya kamata a nufa. Kowa na da Android, kwamfuta kuwa sai an je gidan rediyo.

Mariama_Kod:
Don naɗa da yanke kai da gindi, e. Amma ka gwada cire "eh… to…" daga tsakiyar jimla da yatsa a fuskar inci 6. Yatsa ya rufe wurin da kake son gani. Ga jinkirin sauti a Android ya bambanta daga waya zuwa waya, abin da MaiGurumi ke kuka da shi sai ya ninka. A fara da kwamfuta, a tsara fayil ɗin aikin yadda waya za ta iya buɗe shi nan gaba.

Ɗan_Ader:
In koma ga "babu ifekt ko ɗaya" da Malam Laouali ya ce. Nan ban bi ka ba. Kuran namu 50 Hz ne, kuma in waya ba ta da ƙasa, ko cajar kwamfuta ta gwanjo ce, wanga gurnani shina shiga cikin naɗi, da ɗiyanshi 100 da 150. Ga iska, ga bugun "p" da "b" bisa mikro. A sa maɓalli guda ga kowane layin murya, "Gyara murya": shi yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz, shi sa komperesa mai sauƙi kamar 3 bisa 1. Matattara da ka cire 50 daidai kuwa a yi hankali da ita, in gurup, wato janareta, anka tada, gudunshi na hawa da sauka, gurnanin bai tsayawa ga 50. Rage hayaniya kuma kada a ba ɗan koyo sandar da za ya ja har ƙarshe. Ja za ya yi, murya ta koma kamar mai magana cikin randa.

Rabi_Yantala:
Kafin a kai ga gyara, mafi sauƙi a zare caja a naɗa da batir in yana da rai, a kashe fanka, a matso da mikro kamar tafin hannu ɗaya daga baki. Manhajar ma tana iya faɗin haka: ta saurari ɗakin daƙiƙa 3 kafin naɗi, in gurnani ya yi yawa ta ce "Akwai ƙara, duba caja".

Hadiza_Mikro:
Sai ƙarfin murya, inda ƴan koyo suka fi ɓarna. Sauti na kwamfuta yana da rufi, 0 dB. Abin da ya bugi rufin ya fashe ke nan, babu gyara. A naɗa kololuwa tana tsakanin -12 da -6. Ma'aunin kada ya nuna lamba, launi ya isa: kore, rawaya, ja, da rubutu "Ya yi yawa, rage". Kuma ku tuna layuka tara ƙarfi suke: sauti biyu mabambanta masu ƙarfi ɗaya suna ƙara kusan 3 dB, in iri ɗaya ne sak 6 dB. Kowane layi yana kore, jimilla ta yi ja. Don haka a yi miksaj a ciki da 32 bit mai iyo, inda wuce rufi ba ya fasa komai, sai wajen fitarwa a daidaita. Ƙa'idar EBU R128 ta gidajen rediyo da talabijin na Turai -23 ce a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, masu podkas kuwa wajen -16 suke bi don ana ji a waya cikin hayaniya. Ɗan koyo zaɓi biyu zai gani: "Don rediyo" da "Don waya". Kiɗan ƙasa kuma ya sauka da kansa kamar 12 zuwa 15 dB duk lokacin da murya ta tashi. Wannan kuwa, Malam Ɗan_Ader, sai manhaja ta san wane layi ne murya wane ne kiɗa. A nan na yarda da Malam Laouali, layi mai suna ya fi "Pis 1, Pis 2".

Laouali_Boukoki:
Na gode ƙwarai. Ifekt na janye, "Gyara murya" ya shiga, Adana ba zai shiga ba. Amma kan huɗu har yanzu ina nan. Ba nauyi nake tsoro ba: layi ɗaya mono a 48000 da 16 bit bayit 96000 ne a daƙiƙa, takwas na minti 30 ba su kai jiga ɗaya da rabi ba, tsohon faifai ma zai ɗauka. Fuska nake ji. Yawancin waɗannan kwamfutoci 1366 bisa 768 ne. Cire wurin maɓallai da ma'aunin lokaci da sandar Windows, abin da ya rage bai wuce 550 ba. Layin da za a ga igiyar sautinsa sosai yana son kamar 100. Biyar ke nan, da ƙyar. Da zarar an fara gangarawa ƙasa neman layi, mai koyo ya manta da wanda ya ɓuya.

MaiGurumi:
To a naɗe wanda ba a aiki a kai ya koma siriri, 30 ya ishe shi. Amshi uku su zauna ƙarƙashin suna guda.

Baba_Tekinik:
Laouali ɗana, tsoronka yana da tushe, amma ba a fuska yake ba. Yana wajen Goge. Ka ce an naɗi mai gabatarwa da baƙo kowa a layinsa. Yaro ya zaɓi tari na daƙiƙa 2 a layin baƙo ya goge. In abin da ke bayansa ya matso ya cike gurbin, baƙo ya riga mai tambaya da daƙiƙa 2 har ƙarshen shiri, ga kuma muryarsa da ta zuba cikin ɗayan mikro tana biyo shi kamar amsa-kuwwa. In bai matso ba, an bar rami. Da layi biyu ma wannan na faruwa, balle takwas. Sai an yanke shawara: Goge ɗaya ne ko biyu?

Mariama_Kod:
Biyu, Baba. "Share" ya bar gurbi shiru a layin da aka zaɓa kaɗai. "Cire lokaci" ya yanke dukkan layuka ya matso da su tare. Waɗanda aka naɗa a zama ɗaya kuma a ɗaure su, in ka ja ɗaya sauran su biyo.

Ɗan_Ader:
To kiɗan ƙasa fa? In "Cire lokaci" ya yanke duka, ya yanke kiɗi tsakiyar bugu, kunne kuwa na jin haka nan take. Layin kiɗi bai kamata shi yanku ba, janarik na ƙarshe dai shi matso. Kenan maɓalli guda, hali biyu, gwargwadon irin layi. Malam Laouali, bakwai ɗinka sun zama nawa yanzu?

Laouali_Boukoki:
Tara, in an ƙirga "Gyara murya". "Ƙara layi" na Hajiya Hadiza ne zai cika goma, shi kuma ban sa hannu ba tukuna. Malama Mariama, in kiɗan bai yanku ba amma shirin ya gajarta da minti ɗaya, wutsiyarsa da ta yi saura ta shige ƙarƙashin janarik, ko manhajar ta datse ta da kanta?